Na taɓa zaman gidan yari, za a yi wa gidana inshora?

Admin, a sakaya sunana don Allah. Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarun baya kotu ta ɗaure ni kan faɗa, na ji wa wani rauni. Na gama wa'adina na fito, yanzu ina sayar da kayan gini, har na gina ɗan gidana a Pantami nan Gombe. Bara wutar lantarki ta cinye gidan maƙwabcinmu ƙurmus, tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Na karɓo fom na inshorar gobara, sai ga tambaya a shafi na biyu: ko kotu ta taɓa yanke maka hukunci? Abokina ya ce in rubuta a'a, wa zai bincika? Wani kuma ya ce in sa sunan mai ɗakina. Ina mafita?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Abokin nan naka bai ba ka shawarar kirki ba. Yau kam ba mai bincike, kuɗinka za su karɓa da fara'a. Ranar da gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ka zo neman diyya, a ranar ne za su turo mai tantance asara ya bi unguwa yana tambaya. Kuma ka san Gombe, ba a ɓoye ɗauri. Suka gano ka yi ƙarya a fom, suna da hujjar soke yarjejeniyar, ka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Barista: Ɗan uwa, amsa abin da aka tambaye ka, kar ka rage. Tun a tsohuwar dokar inshora ta 2003, sashe na 54 ya ɗora wa kamfani tsara fom ɗinsa ya tambayi duk abin da yake ganin yana da muhimmanci. To naka ya tambaya, gaskiya ta zama dole. Rubuta laifin, shekarar, da hukuncin, ka ajiye kwafi. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne zamba, sata ko cinna wuta da gangan, domin su ne suka shafi dukiya. Faɗan da ya daɗe da wucewa daban ne. Suna iya karɓa, suna iya ƙara maka kuɗi, suna iya ƙi. Batun sunan Hajiya kuwa, sunan wa ke kan takardar filin? In naka ne, ka ƙara wa kanka wata matsalar.

Maman Ilham: Ni halaccin abin ne ya dame ni, Malam. Ka nemi takaful mana, wato inshorar Musulunci, akwai Jaiz Takaful da Noor Takaful, dukansu suna da lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa. Gudummawa ake zubawa a asusu ɗaya, wanda asara ta samu a tallafa masa.

Barista: Haka ne Hajiya, amma su ma fom za su ba shi ya cike.

Na Jekadafari: Ku dai kuna ta magana, waɗannan kamfanonin suna biya kuwa?

Baban Walid: In suka yi maka wasa da haƙƙi, NAICOM na karɓar ƙorafi. Mai tambaya, nemi dillalin inshora mai rajista, ka gaya masa komai tun farko, shi ya san inda zai kai ka. Ka kuma tambaya ko an haɗa da ambaliya, domin ruwan Agusta a garin nan ba ya wasa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Barista, takardar hukuncin ta ɓace mini, a ina zan samu wata?

Barista: Je wurin magatakardan kotun da ta yi shari'ar, ka nemi kwafi mai hatimi.