Malami ya kai yara fadama, zaure ya rikice

Malamin Aji Biyar: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Ranar Laraba na kai yaran ajina bakin fadama, suka ga yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, muka tsaya gindin gawo na tambaye su me ya sa yake kaɗe ganye da damina. Yaran da ba sa buɗe baki a aji sai ga su suna rige-rigen amsa. Washegari iyaye uku suka zo wai na kai musu 'ya'ya yawo. Wannan jahilci har ina?

Manomi daga Auyo: Malam, wa kake kira jahili? Uban da ya san gero ya fi yin kyau a gindin gawo tun ba a haife ka ba?

Malamin Aji Biyar: Baba, ba kai nake nufi ba.

Manomi daga Auyo: Ai ka riga ka faɗa. Ka janye.

Ɗalibi a Dutse: Jahilci fa ba zagi ba ne, rashin sani ne kawai.

Manomi daga Auyo: Yaro, je ka faɗa wa mahaifinka haka, ka dawo ka ba mu labari.

Uwar Biyu: Malam, nawa yana cikinsu, da taɓo har gwiwa ya dawo. Tsargiya a ruwan nan ake ɗaukarta. Tsoron uwa ne jahilci?

Ɗan Haɗeja: Ku bar Malam. Tun da aka gina madatsar ruwan Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani, abin da kacalla ke so ke nan. Kanawa ne suka ja mana.

Bakano daga Kura: To fa! Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa ba kwa ci? Komai ya same ku sai Kano.

Ɗan Haɗeja: Kai dai zo ka ga gonakin da ciyawar nan ta cinye.

Malamin Aji Biyar: Don Allah, maganar yara fa na kawo.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda madatsun ruwan Kano ne suka lalata mana fadama. Malam ya ba Baba haƙuri, Hajiya kuma a hana yara shiga ruwa. Malam, fita ta gaba ka kai su Baturiya su ga tsuntsaye, ka kuma gaya musu wanda ya tare ruwan. Na rufe.