Neman shawara: muna son mu tai Agadas da duwatsun Abzin da motarmu, mu biyar

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nika nema ga waɗanda sunka san hanyar Nijar, musamman direbobi da 'yan kasuwa masu shiga arewa. Ni da abokaina huɗu, dut tare munka tashi nan Mabera, mun daɗe muna maganar mu yi wata tahiya tare kahin hidimar iyali ta raba mu, ɗaya cikinmu ma an sa ranar aurenai. Abin da munka yanke shi na mu tai Agadas mu ga tsohon masallacin nan mai doguwar hasumiyar ƙasa, daga nan mu shiga duwatsun Abzin har Timiya, don wani abokin karatuna Buzu ya taɓa gwada min hotunan wurin, kwazazzabai masu zurfi tsakanin baƙaƙen duwatsu ga ruwa na zubowa daga bisa, ga lambunan lemu da rumman tsakiyar hamada, tun rannan abin bai fita raina ba. Kuma tun muna yara muke jin Shehu Usmanu ya tai Agadas wurin malaminai Malam Jibrilu ɗan Umaru, ina son in ga ƙasar da idona.

Motar da za mu ɗauka Highlander ta, ta yayan ɗaya daga cikinmu, lahiyarta lau. Muna son mu tashi cikin Disamba. Shin motar ga na iya kai mu har Timiya? Waɗanne takardu aka bida ga boda yanzu? Ya maganar tsaro? Sannan Inna tawa ba ta yarda ba har yanzu, dut sanda nit taɓo zancen sai ta yi shiru. Allah shi saka ma kowa da alheri.

Tsohon Direban Tashar Illela:
Wa alaikumus salam ɗana. Hanyar ga na bi ta tun ina yaron mota, bari in hwaɗa maka yadda take. Daga Sakkwato ka bi Kware, Gwadabawa, Illela, bai kai kilomita 100 ba, ka ƙetara Birnin Kwanni. Ka ɗan yi gabas zuwa Tsarnawa sannan ka karkata arewa ta Badagishiri har Tawa. Har nan babu abin da za ya ba ka wahala. Daga Tawa zuwa Agadas kamar kilomita 400 na, ta Tabalak da Abalak, kuma nan aikin yake. Hanya ta da anka yi don manyan motocin da ka ɗauko yuraniyam daga Arlit, nauyi ya cinye ta, akwai wuraren da kwalta ta ƙare sarai sai ka ga kowa ya sauka gefe ya yi tashi hanya cikin yashi. Bayan Abalak garuruwa sun yi nisa da juna ƙwarai, kana iya tahiya mai tsawo ba ka ga mai faci ba balle bakanike. Kada ku yi lissahin sa'o'i da kilomita kamar hanyar Birnin Kebbi, ku kwana Tawa ku tashi da asuba.

Zuwa Agadas Highlander na kai ku in Allah ya yarda, in direbanku mai haƙuri na. Amma Timiya a'a. Fiye da kilomita 200 na daga Agadas, mafi yawanta dutsi da yashin korama, ba kwalta. Kuma babbar magana wadda nika son ka riƙe, ba a shiga daji irin wancan da mota guda. Mota guda in ta tsaya, kun tsaya ke nan, ba mai ja ku ba mai kai labari. Mutanen wurin da kansu da sunka san kowane dutsi da sunanai, ayari suka yi.

Ɗan Tawa:
Sannu abokina, barka da niyya. Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne. Ni in ƙara maka ta gefen takardu. Abubuwa sun canja tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe iyaka sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata gefen, kuma Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025, don haka kar ka dogara da labarin wanda ya shiga shekaru biyar baya. Ka je Illela da kanka ka tambayi jami'ai sati ɗaya ko biyu kafin tafiya. Kowa ya riƙe fasfo mai rai da katin rigakafin ciwon shawara. Motar kuma tunda ba da sunan ɗayanku take ba, dole mai ita ya rubuta takardar yarda da sa hannu, a haɗa da takardun mota na asali da inshora, duwan, wato kwastam, za su ba ku takardar shigar mota ta ɗan lokaci, ku adana ta da kyau don ita za a tambaya a kowane shinge kuma ita za ku maido a fita. Jandarma suna da yawa a hanya, ku sauke gilashi ku yi sallama ku miƙa takarda, kar a ɗauki hoton soja ko shinge ko da wasa.

Kuɗi ku canja sefa tun Illela ko Kwanni ku riƙe a hannu a rarrabe, kar ku sa rai da kati. Kuma ku sani mu da dala muke ƙirga, in mai shayi ya ce maka ɗari to sefa 500 yake nufi, jikka ita ce 1000. Ku sayi layin waya na Nijar a Kwanni. Mai kuma ku sha a can, kar ku ƙetaro da jarkoki cike a ce fasa-ƙwauri kuke yi.

Maganar tsaro ba zan ɓoye maka ba. A 2025 an sace Turawa mata biyu cikin garin Agadas kansa. Ku ba Turawa ba ne, amma samari biyar cikin mota mai kyau da lambar Najeriya ido na kanku. Fita wajen gari zuwa Abzin sai an sanar da hukuma, in sun ce sai da rakiya to sai da rakiya, in sun ce a'a ku haƙura.

Ɗan Mabera:
Na gode Baba, na gode ɗan uwa. Amma gaskiya daɗin abin a wurinmu shi na mu tuƙa da kanmu, mu tsaya inda muka so mu dafa shayi mu kwana waje. In munka saka tayoyi sababbi munka ɗauki safaya biyu da ruwa da yawa, kuma ga taswira cikin waya, ba za ta yiwu ba?

Bakanike Runjin Sambo:
Oga ka yi haƙuri in shigo. Ba taya kaɗai ba ta matsala. Highlander ƙasanta bai da tsawon da za ta haye duwatsun can, dutsi guda shi bugi kaskon baƙin mai shi ke nan injin ya tahi, kuma ba ta da ƙaramar giya irin ta Land Cruiser ko Hilux da ka fidda mota cikin yashi mai laushi. Giyarta otomatik ta, in kunka dinga murza ta cikin yashi da mutum biyar da kaya da ruwa, zahi za ta ɗauka. Masu aikin can suna sace iskar taya in za su shiga yashi don tayar ta baje, in sun hito ga dutsi su maida iska da famfo, in ba ka maida ba kaifin dutsi shi yanka ta ga gefe inda faci bai kamawa. Wannan kuwa sai wanda ya saba.

Ko zuwa Agadas ɗin ku kawo ta ga mai gyaranku shi duba lagireto da hos-hos nata, fanbel, birki, shokozoba, batir. Ku riƙe fanbel na ajiya, baƙin mai, jak mai kyau da katako mai faɗi da za a aza shi bisa don kar shi nutse, shebur, igiyar ja, famfon iska. Taswirar waya kuma ba ta san inda ruwan bara ya yanke hanya ba.

Malamar Arkilla:
Ƙanena ni ta wurin Inna zan yi magana. Shirun da take yi ba ƙin jin daɗinka ba ne, ta ji labaran da duk muka ji. A Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, motocinsu ne suka lalace ƙishirwa ta kashe su. A 2017 ma mutum 44 sun rasu haka tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta mutu. Na san ba can za ku ba, amma uwa ba ta raba Timiya da Dirku, hamada kawai take ji. Kar ka tafi tana shiru. Ka zauna da ita da kawunka ko wani babba da take jin maganarsa, ka gaya mata garin da za ku kwana kowane dare, sunan wanda zai sauke ku a Agadas da lambarsa, da ranar dawowa. In ta ce Allah ya kiyaye hanya da bakinta to ka tafi, in ta ce a'a wallahi ka bari, duwatsun suna nan wata shekara.

Mai Karatun Ƙasa:
Ni na goyi bayan tafiyar in an yi ta yadda ya kamata, don wurin ya cancanci a gani. Tsohon garin Agadas UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013, hasumiyar masallacin mita 27 ce ta zallar ƙasa da itatuwa sun fito jikinta, asalinta tun wajen 1515, aka sake gina ta a 1844. Ga fadar Sarkin Abzin nan kusa, ga maƙeran azurfa. Ita kaɗai ta isa kwana biyu. Kuma mu nan muna da jini a wurin, Gobirawa daga Abzin suka gangaro.

Cikin duwatsun akwai abu biyu da baƙo ba ya sani. Na farko korama, su suna cewa kori. Wuri ne shimfiɗaɗɗe mai yashi mai laushi da inuwar itatuwa, duk wanda ya gaji nan ransa zai ba shi ya yada zango, alhali hanyar ruwa ce. Ana iya yin ruwa can saman duwatsu kai kana ganin taurari, sai dai ka ji ƙugi ya taho cikin kwazazzabo da itace da duwatsu. A Satumba 2009 korin Telwa ya ɓalle ya rushe unguwanni cikin Agadas. Disamba ba damina ba ce, amma ɗabi'ar ita ce a kwana kan tudu a bar cikin kori. Na biyu nakiyoyi, an binne su a wasu sassan Abzin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, shi ya sa ba a barin sawun da motoci ke bi a ce za a yanke.

Sai sanyi. Kar ku auna da hunturun Sakkwato, can tudu ne, dutsen Bagzan ya haura mita 2000, dare a Disamba da Janairu sai ka ji yatsu ba sa lanƙwasuwa wajen alwalar asuba. Bargo mai kauri kowa nasa, rawani don ƙura. Amma lokacin ne lemun Timiya ke nuna, za ku ga raƙumi na jan guga daga rijiya yana kai da komo, ruwan na bin 'yar hanya yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, yaro na toshe nan da ƙasa yana buɗe can. In hukuma ta bari ku nemi a kai ku Dabus ta hanyar Arlit, inda mutanen dauri suka sassaƙa raƙuman dawa biyu jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya fi mita 5.

Alhajin Kasuwar Kara:
Ni dai ra'ayina ku tsaya Agadas ku dawo, zamanin ga ba na yawon daji ba na. Amma in kun nace, to ku gyara tsakaninku tun gida, don na ga tahiya ta raba abokai. Ku naɗa shugaba guda kamar yadda Annabi (SAW) ya yi umurni in mutum uku sunka hita tahiya, in ya ce a juya a juya ba gardama. Kuɗi a tara wurin mutum guda a rubuta, a ware na gyaran mota daban, kuma a yi magana da mai motar tun yanzu wa za ya biya in wani babban abu ya lalace. Kada ku bi hanyar Illela da dare, zuwa ko dawowa.

Ɗan Mabera:
Na karanta dut, kuma na tura ma abokaina. Mun yi magana daren jiya, uku sun yarda mu aje Highlander a Agadas mu yi hayar masu Land Cruiser na can, ɗaya har yanzu shina ganin ɓarnar kuɗi ta, muna kan lallashinai. Inna kuma zan tai da Kawu gobe bayan la'asar. Baba direba, in mun samu masu motar, mi za mu duba mu gane na kirki na? Kuma ruwa nawa za mu ɗauka?

Tsohon Direban Tashar Illela:
Kada ku ɗauki wanda yat tare ku tasha. Abokinka Buzu shi haɗa ku da wanda danginai sunka sani, mai takardar hukuma ta kai baƙi. Ka tambaye shi mota nawa za a hita da su, in ya ce guda ka ce a ƙaro ta biyu ko ku jira ayari. Ka leƙa bayan motar ka ga safaya biyu, shebur, faranta na ƙarhe da aka sawa ƙarƙashin taya, da waya mai aiki inda babu sabis. Ruwan sha kowane mutum lita 5 ga yini aƙalla, ku ƙara na kwana biyu bisa lissahinku, ku raba shi jarka-jarka cikin motocin biyu kada a zuba wuri guda. In mota ta lalace kowa shi zauna wurinta, kada wani shi ce za ya taka shi nemo taimako. Ranar da za ku tashi ku biyo ta tasha da sahe, in tambaya muku direbobin da sunka sauko daga Tawa yadda hanya ta kwana.