Ƙanena yana Hialeah, wai Amurka ce amma ba a jin Turanci a titi

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum 'yan dandali. Ina neman wanda ya san Amurka da ƙafarsa, ba a waya ba. Ƙanena ya samu gurbin digiri na biyu a Mayami, jihar Fulorida. Haya a cikin birnin ta fi ƙarfinsa, sai ya kama ɗaki a wani gari da ke liƙe da shi, wai shi Hialeah. Ran Juma'a ya kira Inna ta bidiyo yana tafe a titi. Inna ba ta yi boko ba, amma ta san amon Turanci, ta kasa kunne ta ce wannan yaren ba shi ba ne. Tun ranar ta kafe kan an yaudari yaron an kai shi wata ƙasa. Shi kuwa dariya kawai yake yi, ya ce Sifaniyanci ne. To wane irin gari ne wannan? Su waye a cikinsa, daga ina suka fito, kuma Musulmi zai iya zama lafiya?

Malamin Labarin Ƙasa, Arkilla:

Wa alaikumus salam. Ka kwantar wa Inna da hankali, Amurka ce tsantsa. Garin yana gundumar Miami-Dade, arewa maso yamma da Mayami, kuma babban filin jirgin saman Mayami yana kudu da shi kaɗan. A ƙidayar 2020 an samu mutum 223,109, a lokacin shi ne na shida wajen yawan jama'a a Fulorida, alhali faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 60 ba. Sama da kashi 90 cikin 100 'yan asalin Latin Amurka ne, galibinsu daga Kyuba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, tsayinta daga teku bai wuce mita biyu ko uku ba, ba ta kuma taɓa bakin teku ba duk da kusancinta. Iyakar abin da littafi ya ba ni ke nan, sauran sai waɗanda suka taka.

Basakkwacen Fulorida:

Malam ya yi daidai. Ɗan'uwa na Mabera, na zauna a garin nan lokacin da nake aiki a wani ɗakin ajiyar kaya kusa da filin jirgi, yanzu na ƙaura arewa kaɗan amma har yau can nake zuwa gyaran mota, don babu kanikawa masu sauƙin kuɗi kamar nasu.

Abin da nake so ka gane shi ne, Hialeah ba unguwar baƙi ba ce da aka keɓe musu a gefen gari. Baƙin su ne garin. Magajin gari nasu ne, 'yan majalisar gari nasu, ɗan sandan da zai tsayar da kai da likitan da zai duba ka duk da Sifaniyanci suka tashi. Ka shiga kanti, yarinyar da ke karɓar kuɗi da Sifaniyanci za ta fara gaishe ka, ko da kuwa ka fi tukunya baƙi, domin akwai baƙaƙen fata 'yan Kyuba, za ta ɗauka kai ma nasu ne. Sai ta ga ka yi turus sannan ta juya harshe. Tsofaffi da yawa sun shekara talatin, arba'in a wurin ba su iya Turanci ba, kuma bai hana su sayen gida ba.

Da can ba haka yake ba. Wurin fadama ce a bakin babban dausayin nan na Everglades, ciyawa da ruwa da sauro. A farkon ƙarni na 20 aka riƙa haƙa manyan magudanai ana janye ruwan, cikinsu har da wadda ta taso tun daga tafkin Okeechobee ta bi ta gefen garin. A 1921 wasu mutum biyu suka fara yanka filaye suna sayarwa: James Bright, mai kiwon shanu daga jihar Missouri, da Glenn Curtiss, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera jiragen sama a Amurka. A 1925 aka ba wurin matsayin gari mai cin gashin kansa. A shekarar ne kuma aka buɗe filin sukuwar dawakinsa, wanda ya zama wurin da attajirai ke zuwa nuna ado da cin caca a lokacin sanyi, har Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, ya ziyarce shi a 1946. Akwai wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, launin ruwan hoda, filamingo, da aka kawo aka zuba a tafkin tsakiyar filin. Abin dariya, daga Kyuba aka fara kawo su, tun kafin mutanen su biyo baya. Shekara ɗaya da kafa garin, guguwar 1926 ta ragargaza yankin, cinikin filaye ya mutu na wani lokaci.

Bayan yaƙin duniya na biyu garin ya cika da fararen fata ma'aikata, tsofaffin sojoji da masu aiki a kamfanonin jiragen sama, suka gina ƙananan gidaje. A 1950 ba su kai 20,000 ba, a 1960 sun kusa 67,000. Sai Fidel Kastro ya kifar da gwamnatin Batista a Kyuba a farkon 1959. Masu hali da ma'aikatan tsohuwar gwamnati suka fara gudu, tunda tsakanin Kyuba da ƙarshen Fulorida kilomita 145 ne kacal. Na farkon sun sauka cikin Mayami. Waɗanda suka cika Hialeah su ne na baya, talakawa. Daga 1965 zuwa 1973 jirage sun yi ta jigilar mutane daga garin Varadero na Kyuba zuwa Mayami, sama da 250,000. A 1980 Kastro ya buɗe tashar ruwa ta Mariel, cikin 'yan watanni mutum kusan 125,000 suka tsallako a kwale-kwale. A 1994 ma wasu dubbai sun biyo a kan katako da robar taya.

Me ya ja su Hialeah musamman? Aiki da gida mai araha. Garin ya cika da masana'antun ɗinki da na takalma, wurin da mace za ta sauka yau, jibi ta zauna kan keken ɗinki ba tare da an tambaye ta Turanci ba. Wanda ya riga zuwa ya samo wa ɗan'uwansa aiki, ya ba shi ɗakin bayan gida. Fararen suka riƙa sayar da gidajensu suna matsawa arewa. A 1981 aka zaɓi Raul Martinez, haifaffen Kyuba, magajin gari, ya kuma daɗe a kujerar har 2005. Yawancin masana'antun ɗinkin sun rufe tun da aikin ya koma ƙasashen da hannu ke da araha, amma mutanen ba su tashi ba. 'Yan Nikaragua da Honduras da Kolombiya da Venezuela ma sun shigo daga baya.

Ina kyautata zaton ɗakin da ƙanenka ya kama irin wanda aka yanka ne a jikin gidan wani, ko garejin mota da aka mayar ɗaki, da ƙofarsa ta gefe da ɗan banɗaki. Rabin garin haka yake zaune. Shi ya sa za ka ga gida ɗaya motoci biyar a ƙofa, har kan ciyawa.

Baba na Kanwuri:

Yaro, labarin ga naka ya tuna mini da namu. Lokacin da Nasara sunka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru yab bar gari da jama'a, anka kashe shi Burmi. Ɗanai Muhammadu Bello Mai Wurno yaw wuce gabas da sauran mutane, sunka zamna bakin kogin Nilu ƙasar Sudan, garin har yau da sunanai aka kiranai. Jikokinsu na nan suna Hausa da Fillanci cikin Larabawa. Wanda mulki yak kora da tsiya ba ya sakin halshenai da wuri, don shi kaɗai yat tsira da shi. Ka gaya ma tsohuwa ta bar damuwa, 'yan hijira na.

Basakkwacen Fulorida:

Allah ya ja da ran Baba, wallahi haka ne. Na san wani tsoho maƙwabcina da ya ajiye makullin gidansu na Havana, babban birnin Kyuba, a cikin gwangwani, gidan da ya bari yana saurayi. Na farkon duk sun zo ne da niyyar wata shida su koma idan Kastro ya faɗi. Kastro ya mutu a 2016 a kan gadonsa, ranar mutanen Hialeah sun fito titi na 49 suna kaɗa tukwane da murafe har asuba.

Sai dai akwai inda suka fi kowa gata, kuma ya kamata ƙanen namu ya san wannan. A 1966 Amurka ta yi doka ta musamman domin 'yan Kyuba, wadda ke ba su damar neman takardar zama ta dindindin bayan ɗan zama kaɗan, yanzu shekara ɗaya. Saboda gabar da ke tsakanin Amurka da gwamnatin gurguzu ta Kyuba ne, ba don Allah ba. 'Yan Haiti da suka tsallako wannan tekun a irin wannan kwale-kwalen, mayar da su aka riƙa yi. Akwai ma lokacin da ɗan Kyuba in ƙafarsa ta taka busasshiyar ƙasa ya tsira, in an kama shi a ruwa a mayar da shi, har Obama ya soke tsarin a Janairun 2017. Don haka kada yaro ya ga maƙwabcinsa ya zo bara, bana yana aiki a fili, shi ma ya ce zai yi. Bizar karatu daban take da sharuɗɗanta. Kuma ya kiyaye bakinsa a siyasa. Garin 'yan jam'iyyar Rifablikan ne sosai, duk da baƙi ne. Mu a Najeriya muna ganin Kastro a matsayin wanda ya taimaki Angola da Mandela. Ya faɗi wannan a gaban tsohon Hialeah, ranar zai nemi wani ɗakin.

Maman Yara, Gawon Nama:

Ni duk tarihin nan bai dame ni ba kamar cikin yaron. Me zai ci? Na ji an ce mutanen nan ba su da nama sai alade.

Basakkwacen Fulorida:

Hajiya, ba a yi miki ƙarya ba. Alade shi ne naman bikinsu, a jajiberin Kirsimeti gaba ɗayansa suke gasawa a bayan gida, ƙaurin ya cika unguwa. Amma wanda ake gani da ido ba shi ne matsala ba. Burodinsu na gargajiya, dogon nan mai laushi, da kitsen alade ake kwaɓa shi. Waken baƙi da suke ci da shinkafa sau da yawa akwai gutsuren naman a ciki, haka 'yan ƙananan soyayyun abubuwan da suke jerawa a gilashi. Ya tambaya kafin ya ci, ko da nuni ne. Abin da zai ji daɗinsa shi ne kasuwa: rogo, doya, ayabar suya, kuɓewa, mangwaro, rake, duk ga su kamar a Tsohuwar Kasuwa, ya dafa da kansa. Naman halal da sallar Juma'a sai ya fita garin, akwai masallatai a Miami Gardens da cikin Mayami, akwai kuma shagunan Larabawa da 'yan Pakistan.

Gahawarsu kam halal ce, sai dai ƙarfi. Shagunan suna da 'yar taga da ke kallon titi, ka tsaya a waje ka saya. Ana ba ka kofi ɗaya na roba da wasu ƙananan kofuna kamar murfin kwalba, domin ba a yi ta don mutum ɗaya ba, rabawa ake yi da duk wanda ke tsaye. Baƙa ƙirin, sukari ya yi mata kumfa a sama. A bakin tagar nan ake jin inda ake neman ma'aikaci da inda ɗaki ya fita, can zai fi saurin koyon yaren fiye da aji.

Wani abu kuma da zai ba shi mamaki: zai ga mutane sanye da farare fat daga hula har takalmi, da duwatsun wuya kala-kala, ya ji suna ambaton Shango da Oshun da Yemoja. Addinin Yarbawan da aka kai Kyuba bauta ne, ya gauraya da Katolika. A 1987 mabiyansa suka so buɗe wurin ibada a Hialeah, majalisar gari ta yi dokokin hana yanka dabba don ibada. Suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1993 duka alƙalan suka ce dokar ta tauye 'yancin addini, tunda ba ta hana mahauci ko mafarauci ba, su kaɗai ta nufa. Ba hanyarmu ɗaya da su ba, amma ni mai yin layya a ƙasar nan ban raina wannan hukunci ba. Suna jin ka ce daga Najeriya kake sai su rungume ka, sai ka yi ta bayanin cewa kai Bahaushe ne.

Ɗan Mabera:

Allah ya saka da alheri, Yaya. Na karanta wa Inna, maganar Baba ce ta fi shigar ta. Yanzu kuma guguwa take tambaya.

Basakkwacen Fulorida:

Lokacinta Yuni zuwa Nuwamba, kuma ana sanarwa kwanaki kafin ta iso, ya bi abin da mai gidansa ya yi, ya tanadi ruwan sha da fitila. Abin da zai fi damunsa kullum shi ne ruwan sama na la'asar daga Mayu zuwa Oktoba, da yake ƙasar ba ta da gangara, titi kan cika cikin rabin sa'a. Zafin bai kai na Afrilun Sakkwato ba, amma jiƙaƙƙe ne, gumi ba ya bushewa. Sannan ka gaya masa lambobin titunan Hialeah nasu ne daban, ba su bin na sauran gundumar, titi ɗaya yana da lamba biyu. In zai ba wani adireshi ya faɗi sunan garin tare da shi, in ba haka ba mai kawo saƙo zai wuce can wani gefen Mayami. Jirgin ƙasan birni yana tsayawa a kudancin garin, in ɗakinsa na kusa da tasha zai iya jinkirta sayen mota.