Kumburin hantsar goɗiya: me ke sa wani ya ƙi jin allura?

Mai kiwon dawaki, Argungu: Salamu alaikum. Damina ta kama, ƙuda ya yi yawa a fadama, ga yayen dukushi. A irin wannan lokaci hantsar goɗiya ke kumbura gefe ɗaya, ta yi zafi, goɗiyar ta riƙa ware ƙafafun baya in tana tafiya, ɗanta ya matso ta harbe shi. Masana, a taimaka mana da abin da ido ya gani.

Likitan dabbobi, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara da auna zafin jiki. Lafiyayya tana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius. Sai a tatsa a baƙin kwano, a nan ake ganin gudaji ko ruwa-ruwa mai jini. Kafin a taɓa allura, a wanke kan nonon, a zubar da tatsar farko, a tari ta biyu a kwalbar gwaji, a sa a ƙanƙara zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. In allura ta riga, gwajin yakan fito wayam.

Yawanci ƙwayar Streptococcus ce, tana jin fenisilin mai furoken: awo 22,000 ga kowane kilo, safe da yamma, a tsoka. Goɗiya mai kilo 300, in kwalbar mai 300,000 ce a kowane mil, za a yi mata allurar mil 22, a raba wuri biyu. Don Allah kada ya shiga jijiya, yana iya kayar da ita nan take. Fuluniksin na rage zafi kuma a jijiya ake yin sa, don a tsoka yana jawo ruɓewar nama.

Ɗan barga, Gwandu: Likita, in ƙara. Kan nonon goɗiya ƙofa biyu gare shi, ba ɗaya irin na saniya ba, kowace da rumbunta. Mai matsa maganin hantsar shanu a ƙofa guda ya bar rabin ciwo. Tsumma da ruwan ɗumi minti goma, sannan a tatse tas, kamar sau huɗu a yini. Amma mai lafiya da aka yaye wa ɗa ba a tatsarta. A janye dusa da gero, a bar ta da ciyawa, nonon ya ƙafe da kansa.

Malamin dabbobi, Yauri: Kumburin da ke ba mu wahala shi ne mai taurin dutse. Kwana uku ana allura bai motsa ba, can sai ya nuna, ya fashe da mugunya mai kauri. Nan a yi zargin ƙwayar cutar Corynebacterium, wadda ke zaune a ƙasa, ƙuda na kai ta kan rauni. Sai likita ya tsaga maruru in ya nuna, a wanke da ruwan aidin, a ƙone tsumman, a raba mata turke da sauran. In kuwa ƙuraje sun jeru kamar carbi a ƙafa ko ƙirji, yana iya zama ciwon naman gwari, fenisilin ba ya taɓa shi.

Likitan dabbobi, Birnin Kebbi: Haka ne, Malam. In kumburin ya haɗa da farji bayan barbara, a dakatar da kai ta wurin ingarma, a ɗebi jini don gwaji. Mai wanke mugunya kuma ya sa safar hannu, musamman in goɗiyar na yoyon hanci.