Goggo na riƙon yara uku a Agege, ga hawan jini: ta ina za a fara?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Goggonmu ce, shekarunta 67, take riƙon 'ya'yan 'yarta da ta rasu su uku: mai shekara 11, mai 6, da ƙaramin da bai cika biyu ba. Ubansu yana Arewa, sai ya samu yake turo wani abu. Tana da hawan jini da ciwon gwiwa, kwanan nan kuma ƙafafunta suna kumbura. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, ruwa ma sai an ɗebo. Masu sani, ta ina dangi za su fara?

Nas Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan mamaciyar. Ku fara da Goggo tukuna. A zuba duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da haɗin kemis, a kai su asibiti tare da ita. Idan akwai amlodipine, wani maganin hawan jini, a ciki, yana iya zama shi ke kumbura idon sawu, likita zai rage ko ya canja. Amma zuciya da ƙoda ma suna kawo kumburi, shi ya sa ake awon fitsari da jini. In tana haki idan ta kwanta, ko sai ta tara filo take iya barci, kada a kwana: Babban Asibitin Orile-Agege ko LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, a Ikeja.

Ku saya mata na'urar awon hawan jini ta damtse. Ta zauna minti 5, hannu a kan tebur, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, kwana 7, a rubuta a littafi. In yana yawan kaiwa 140/90, maganin bai riƙe ba. In ya kai 180/120 da ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani ko karkacewar baki, gaggawa ce.

Inda abin ke lalacewa shi ne kuɗi. Tsohuwa mai riƙo takan raba ƙwaya biyu, ko ta bar ta da zarar kai ya daina ciwo, don kuɗin ya tafi ga kokon yara. Hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Sai maganin gwiwa: diclofenac da ibuprofen suna tayar da jini, suna cin ƙoda da ciki. Paracetamol ya fi mata, ƙwaya biyu na 500mg, kada ta wuce sau uku a yini. Gishiri kada ya haura ƙaramin cokali ɗaya a yini, kuma dunƙule da kanwa duk a cikin lissafin suke.

A ɗauke mata ɗibar ruwa. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ga goyon yaro mai kilo goma da wani abu. Kuɗin mai garuwa ya fi kuɗin gwiwa sauƙi.

Maman Walida:
Na yarda da Anti Nas. A ɓangaren yara, a nemo katin rigakafin ƙaramin. Allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 ake yi, ita ce ke yawan suɓucewa idan yaro ya canja hannu. Ko katin ya ɓace a kai shi cibiyar lafiya ta gwamnati, kyauta ce. A ajiye ORS (garin gishiri da sukari) da zinc a ɗaki saboda gudawa: leda ɗaya ta ORS a ruwa mai tsabta gwargwadon abin da aka rubuta a jikinta, yawanci lita ɗaya, a zubar da ragowar bayan awa 24, zinc 20mg kullum kwana 10 ko da gudawar ta tsaya.

Maganin Goggo kuma ya bar ƙarƙashin filo da bakin zani. Ƙwayar hawan jini kaɗan na iya halaka yaro mai shekara biyu. Gwangwani mai murfi, a saman kwaba.

Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake karɓa, za a nema wajen shiga makaranta. Ku tambayi inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, a sa ta da yaran. Ita kuma babbar cikin yaran, taimako daban, cire ta daga aji a ɗora mata raino ko talla daban.

Malam na Zango:
Riƙo a hannun kaka ta wajen uwa daidai ne a mazhabar Malikiyya, ita ke bin uwa. Amma ci da sha da sutura da magani na yaran a wuyan uba suke, riƙo bai sauke masa ba. “Sai na samu” ba tsari ba ne. A zauna da shi ko a waya, gaban shaidu biyu, a yanka abin da zai iya duk wata ko da kaɗan ne, a sa rana. In ya ƙi, a bi ta manyansa a can, ko fadar Sarkin Hausawan Agege ta sa baki.

Ku dangi kuma kowa ya ɗauki abu mai suna: wannan haya, wannan ruwa, wannan littattafai. A kuma faɗi tun yanzu gidan da yaran za su kwana ranar da aka ba ta gado a asibiti.

Nas Idi-Araba:
Allah Ya saka, Malam. Ƙari ɗaya: kuɗin magani kada a damƙa mata a hannu, tukunya zai shiga. Mutum ɗaya ya riƙa sayo na wata guda, ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage duk Juma'a. A kuma yi mata awon suga da safe kafin ta karya. In ya nuna 126 mg/dL ko sama, a maimaita wata rana a nuna wa likita.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai. Na duba ledar, amlodipine 10mg ne, ga diclofenac rabin kati. Litinin da sassafe za mu Orile-Agege, in sha Allah, ba za ta karya ba sai an ɗebi jinin.