Ina so in fara harbin baka amma aljihu ba nauyi, ta ina zan fara?

Sabon_Maharbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Na jima ina sha'awar kwari da baka, burina nan gaba in kai ga fita farauta da shi, sai dai abin da na tara bai taka kara ya karya ba. Wani ya min tallan baka na hannu irin mai tayoyin nan a ƙarshensa biyu, nauyin jansa fam 60 (ƙarfin da ake sa wa a ja tsarkiyar kenan), yace da araha zai bar min. In karɓa ko in haƙura? Ban taɓa jan tsarkiya ko sau ɗaya ba.

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ka kusanci fam 60 yanzu wlh, ni da fam 50 na fara saboda ina ganin ai ina da ƙarfi, sati uku kafaɗata ta hana ni barci kuma hannuna ya saba da sakin kibiya tun kafin in gama saiti, sai da na kusa shekara ina gyara wannan ɗabi'ar. Naman bayanka ne ke jan baka ba damtse ba, shi kuma a hankali yake ginuwa.

Nemi rikaf, wato baka mara tayoyi mai ƙarshe a lanƙwashe zuwa gaba, wanda ake kwancewa gida uku, mariƙi da fukafukai biyu (sassan sama da ƙasa masu lanƙwasawa), irin Samick Sage mai inci 62. Ka fara da fam 25, in ka ƙware fukafukan kawai zaka canza, mariƙin yana nan. Auna tsawon janka tukuna: ware hannuwanka a auna daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa da inci, ka raba da 2.5. Fam ɗin da ake rubutawa a jikin baka a jan inci 28 ne, in naka ya wuce haka nauyin zai ƙaru da kusan fam 2 a kowane inci.

Mai_Kwari:
Yallaɓai na yarda da batun nauyi, amma kar a kushe mai tayoyi gaba ɗaya. In ka ja shi ya kai ƙarshe tayoyin suna ɗauke maka wajen kashi 70 zuwa 80 na nauyin, ka samu natsuwar saiti. Matsalar na hannu ita ce dole tsawon jan ya dace da kai, kuma canza masa tsarkiya sai da injin matse baka, nan kuɗin ke zurarewa. Sannan baka san ko an taɓa sakinsa ba kibiya ba, wanda hakan na iya tsaga fukafukan.

Yar_Saiti:
Ɗan uwa inda ba a rowa shi ne kibau. Guda 6 na kabon (waɗanda aka yi da zaren carbon) masu taurin da ya dace da bakanka sun ishe ka, kullum ka ɗan lanƙwasa kowacce kusa da kunne, in ka ji ƙas ka jefar. Fatar kare hannu da ta yatsu da igiyar ɗaura tsarkiya basu da tsada. Abin hari kuwa buhu ka cusa masa tsummokara tam, ka tsaya a mita 5 zuwa 10, bayansa ya zama ba mai wucewa.

Sabon_Maharbi:
Na gode sosai, Allah ya saka. To fam 25 ɗin zai yi farauta?

Tsohon_Hannu:
Babbar dabba a'a, raunata ta kawai zaka yi ta tafi ta wahala, wannan kuma ba hali bane. Jihohi da dama a Amurka fam 40 ne mafi ƙanƙanta da doka ta yarda, kai ma ka bincika dokar inda kake da batun lasisi tun yanzu. Ranar da kake zuba kibau 6 cikin faɗin faranti a mita 18 ba kuskure, sai ka dawo mu yi maganar fukafukai masu nauyi da kan kibiya mai kaifi.