Sabon direba yana ƙara wa tsohon kati gudu? Kuma RX 580 zan ɗauka ko GTX 1060?

Mai Gidan Wasa, Zariya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da ɗan gidan wasa a unguwar Zariya nan Maradi. PS4 ne suka fi yawa, sai kwamfuta uku da na haɗa saboda yaran da suka fi son GTA V da PES 2021. Duka ukun katin hoto (graphics card) GTX 1050 Ti ne a cikinsu. Abu biyu nake neman shawara a kai.

Na farko, ƙanena da ke tsare min shago da rana ya dage wai duk lokacin da sabon direban kati, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ya fito dole mu sauke, don shi ke ƙara wa wasa gudu. Ni kuwa abin da nake gani, kowane direba ya haura mega 600, in kowace kwamfuta ta sauke nata kuɗin intanet na wata ya tafi kafin a kai tsakiya. Na zuba wa allo ido ban ga abin da ya canza ba. Shi ya ce idona ne ya tsufa.

Na biyu, yara sun matsa sai na sa musu FC 24 a kwamfuta, kuma na ga 1050 Ti shi ne mafi ƙanƙantar katin da masu wasan suka ce zai ɗauka. Wani mai kawo kaya daga Kano ya nuna min RX 580 mai giga 8 da GTX 1060 mai giga 6, duka na hannu, RX ɗin ya fi araha da jika goma. Shago ya rabu biyu, wasu AMD mai RX wasu Nvidia mai GTX, har sun fi musun Real da Barsa zafi. Masana, wanne zan ɗauka?

Bagobiri Mai Gyara

Wa alaikumus salam. Alhaji, idonka lafiya lau yake.

Ƙanenka ya ji magana ne ya kama rabinta. Direba shi ke isar da umarnin wasa ga kati. In sabon wasa ya fito, kamfani yakan duba inda wasan ke wahalar da katinsa ya gyara, shi ne wanda Nvidia ke kira Game Ready. Mutumin da ya sayi kati bara, yana buga wasan da ya fito makon jiya, shi ke cin wannan moriya. To GTA V a 2015 ya zo kwamfuta, katinka kuma na 2016 ne. Duk gyaran da za a yi tsakaninsu an gama shi tun tuni. Ban da haka ma, Nvidia da bakinta ta ce Game Ready na ƙarshe ga jerin GTX 900 da GTX 10 shi ne na Oktoban 2025, daga nan sai toshe kafofin tsaro duk bayan wata uku har Oktoban 2028. Kenan 1060 ɗin da anka nuna maka ma yana cikin wannan layi. RX 580 kuwa na 2017 ne, kuma tun wajen ƙarshen 2023 AMD ta ware irinsa ta ba su nasu direba daban, wanda ba ya samun sabbin abubuwan da ake sa wa na baya. Duka biyun sun gama girma. Yadda ka gan su yau haka za su zauna.

Ban ce kada a taɓa sabuntawa ba. Kwamfutar da ke hawa intanet, gyaran tsaro yana da amfani gare ta. Amma a sauke sau ɗaya daga shafin kamfanin, a sa a kile, a zagaya da shi. Kuma a fara da kwamfuta ɗaya, yara su buga kwana biyu, in ba komai a bi sauran. Tsohon direban da ke aiki a bar shi cikin kilen, kada a goge. Wani abu da ke ruɗa mutane: bayan an sa sabon direba, wasa yakan ɗan riƙa tsaitsayawa a mintunan farko, domin kati yana sake gina ajiyar da yakan yi ta zanen haske da inuwa. Ba lalacewa ba ce, ka bar shi ya zagaya fili ya daidaita.

In ka ɗauki RX ɗin, kafin ka cire tsohon kati ka kunna Windows a Safe Mode ka wanke direban Nvidia da DDU, manhajar goge direba, intanet a kashe, sannan ka sa na AMD. In ka bar intanet a kunne, Windows za ta riga ka ta ɗauko nata ta sa.

Yanzu ga abin da ya fi direba muhimmanci, shi ne katin kansa. Da dama cikin RX 580 na hannu da sunka cika kasuwa daga wajen masu haƙar kirifto sunka fito. Sun yi aiki dare da rana a 2017, sun sake yi a 2021, sai da Ethereum, kirifton da suke haƙa, ta daina tsarin haƙa a Satumban 2022 anka juye su kasuwa. Da yawa an canza musu BIOS, wato manhajar da ke cikin katin kansa, don haƙar ta yi sauri, kuma irin wannan in ka sa mishi direban gaskiya sai Windows ta nuna alamar rawaya da Code 43. Ana iya mayar da BIOS na asali, amma aiki ne, a rage maka kuɗi. Sannan akwai wanda anka yi wa kasuwar Cana mai suna RX 580 2048SP, wanda a gaskiya ƙarfin RX 570 gare shi. Ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka duba wajen Shaders: na gaske 2304 zai nuna. Shi ma 1060, mai giga 6 na gaske 1280 ne, mai giga 3 kuwa 1152. In ka juya bayansa ka ga ramin VGA mai shuɗin nan, ka ajiye mishi abinsa, galibi tsohon kati ne anka canza wa suna.

Wani yaro daga Bagalam ya kawo min kati cikin watan Afrilu, wai direba ya kashe mishi wasa, ya sauke wannan ya sauke wancan ba sauƙi. Na kwance sukurori huɗun baya na ɗaga. Ƙurar hunturu ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen har ba ka ganin haske ta ciki, farin man da ke kan ƙwaƙwalwar katin ya bushe kamar ƙanzo, sai da na kankare shi da bakin tsohon katin waya. Fanka ɗaya kuma in ka juya ta da yatsa tsayawa take nan take. Na hure, na shafa sabon mai, na sauya fanka, wasa ya koma yadda yake da tsohon direbansa. Katin jerin GTX 10 in ya kai digiri 83 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. A garin da bazara ke haura 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano, yara goma suna numfashi, ba a daɗewa ake kaiwa can.

Ɗan Ali Ɗan Sofo

Baba Bagobiri a gafarce ni, duk bayaninka daidai ne amma ka ƙi faɗin wanne, to ni zan faɗa. Alhaji ɗauki RX 580 ka huta. Giga 8 ba giga 6 ba ce, kuma wasannin yanzu ƙwaƙwalwar kati suke ci. Ka duba ma shagonka: duk PS4 ɗin nan da ke kawo maka kuɗi AMD ne a cikinsu, haka PS5, haka Xbox. 

Kuma a dubi hali. Nvidia ta fito da DLSS, dabarar ƙara wa wasa gudu, ta ce sai mai sabon katinta na RTX, kai mai 1060 ko ƙamshinsa ba za ka ji ba. AMD ta fito da nata, FSR, a 2021 ta bar shi a buɗe, har katin abokin gabarta yana aiki da shi. Mai 1060 yau in yana son ƙarin gudu, a ƙofar AMD yake roƙo. Kada kuma wani ya zo min da tsohon zancen wai direban AMD ne kawai ke da matsala. Farkon 2025 da RTX 50 ya fito, direbobin 572 sun bar mutane da baƙin allo, har wasu masu haɗa wasa suka ce wa jama'a su koma 566.36 na Disamban 2024. GTX 970 fa? An sayar da shi a matsayin giga 4, ashe rabin giga na ƙarshe a hankali yake tafiya, sai da aka je kotu a Amurka aka biya masu shi dalar Amurka 30 kowanne. Yanzu ma hankalinsu ya koma wajen manyan kamfanonin AI, mu ƴan wasa sai abin da ya rage.

Ɗalibar Ɗan Dikko

Ɗan Ali Ɗan Sofo, ko albashi suke ba ka ne? Tunda tone-tone ake, a Oktoban 2023 Anti-Lag+, wani tsarin rage jinkirin wasa da AMD ta sa a direbanta, ya riƙa taɓa fayilolin wasan Counter-Strike 2, na'urar kama maguɗi ta ɗauka sata ce ta kori mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, dole aka janye direban. Wasan Starfield da AMD ta haɗa kai da masu shi ya fito a 2023 babu DLSS, sai daga baya aka sa. FSR 4 kuma da ya fito a 2025, RX 9000 kaɗai aka ba. Kowanensu yana buɗe ƙofa ne lokacin da yake baya, in ya samu gaba ya rufe. Shugabannin biyu ma, Jensen Huang da Lisa Su, duka haifaffun Taiwan ne kuma dangin juna ne, ku kuna nan kuna ɓata da abokai.

Kawu, ni lissafin wuta zan yi maka, don shi ne ba wanda ya taɓo. 1050 Ti ɗinka wat 75 yake ja, daga ramin da aka soka shi yake sha, ba ya neman wata waya. GTX 1060 wat 120 ne da waya mai baki 6. RX 580 wat 185 ne, yawancinsu da waya mai baki 8, kuma ana so akwatin wutar kwamfuta ya kai wat 500. Tsakanin 1060 da RX 580 wat 65 kenan. Kwamfuta uku, awa goma a rana, in wasa na jan kati sosai, ya kusa kilowat-awa biyu kullum. Ka buga shi a wata, ka tuna ranakun da gurup ke aiki da man da ka saya da tsada, ka ga ko jika goman nan za ta kai ƙarshen shekara. Kuma duk wat ɗin da kati ya ja zafi yake komawa cikin ɗakin.

Sannan ka buɗe kwamfutocin ka duba. In irin na ofis ne da ake kawowa na hannu, da yawansu akwatin wutarsu ƙarami ne, babu ma wayar kati, wasu kuma ba sa karɓar akwatin kasuwa. In haka ne ba RX ba 1060, sai ka nemi GTX 1650 irin wanda ba ya neman waya, shi ma wat 75 ne. Wani zai ce maka Intel Arc, tunda B580 ya fito a Disamban 2024 da giga 12 a kan dalar Amurka 249. Kati ne mai kyau, amma yana buƙatar wani tsari na kwamfuta mai suna Resizable BAR, tsofaffin kwamfutoci kuwa ba su da shi, in babu shi gudunsa faɗuwa yake.

A gudu dai, a allon 1080p, RX 580 da 1060 kusan kunnen doki suke, wannan ya ci a wani wasa wancan ya ci a wani. Yaron da ke buga ƙwallo ba zai bambance ba.

Mai Gidan Wasa, Zariya

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira ƴata. Na buɗe yanzun nan. Biyu haɗin kasuwa ne, wat 450 aka rubuta a jikin akwatin, akwai waya mai baki 6 a naɗe. Ta ukun irin ta ofis ce, wat 240, ba wata waya. Kenan ita ta zauna da 1050 Ti ɗinta a bar wa ƴan GTA. Sauran biyun zuciyata ta karkata ga 1060, tunda ba sai na sauya akwatin wuta ba. Ɗan Ali Ɗan Sofo ka yi haƙuri, in na samu sola mai ƙarfi zan neme ka. Malam Bagobiri, mai kayan ya ce ba ya bari a fita da kati sai an biya. Ya zan yi in gwada?

Bagobiri Mai Gyara

To ka ɗauki kwamfutar ka kai mishi, ko ya zo da katin shagonka, amma da azahar, ba da safe ba. Ku sa shi, ka buɗe GPU-Z ka ga 1280 da giga 6, ka kunna wasa awa ɗaya cur kana duban zafi da fankokin biyu. In ka ga ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka a allo, ƙwaƙwalwarsa ta fara tafiya, kada ka yarda ko ya rage rabin kuɗi. Wat 450 ɗin nan ma ka ɗaga akwatin a hannu, in ka ji shi shafal ba nauyi, rubutu ne kawai, ka sauya shi kafin ka ɗora mishi kati. Direban da ke kilenka na 1050 Ti shi ne dai na 1060, ba sai ƙanenka ya sauke komai ba.